Ɓerayen da Suka Mutu da Lafiyarsu

Abin da na tsana a aikin nan shi ne a kira ni bayan an gama yanke hukunci. Ka zo ka tarar an riga an sami mai laifi, an wanke shi an shanya, kai kuma hannu kawai ake so ka sa. Haka na tarar a cibiyar binciken magunguna. Tun daga bakin ƙofa mai gadi ya ce mini yarinyar ce, mai shara ma ta ce yarinyar ce, alhali ko gaisuwa ba mu gama ba.

Ni sawu nake bi. Ubana da bin sawun shanun sata ya ciyar da mu, ni ma na yi wa 'yan sanda wannan aikin har gwiwata ta ce ta gaji. Yanzu in dabba ta ɓata, ko ta yi mutuwar da ba a gane kanta ba, sai a tuna da ni. Amma ɓera kam ban taɓa bi ba sai ranar.

Farfesa, shugaban cibiyar, ya zaunar da ni a ofishinsa mai sanyi kamar randa, ya yi mini bayani yana duba agogo. Sun haɗa wani ruwa da suke kira jel, ana cusa maganin ciwon daji a cikinsa, a yi allurarsa a ƙarƙashin fata kusa da ƙarin. Can yake zama yana sakin maganin kaɗan-kaɗan, yana ta da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta. An gwada a kan ɓeraye, ƙari ya narke. Saura masu duba daga hukumar magunguna su zo gobe su ga ɓerayen da idonsu, in sun gamsu a fara gwadawa a kan mutane. To da aka dawo daga hutun ƙarshen mako sai aka tarar da kejin ɓerayen nan a cikin akwatin gas da ake kashe tsofaffin dabbobi, famfo a buɗe, babu mai motsi.

Ya ce ɗalibar da ke kula da su ce. Ita ce aka sa ta kashe wasu tsofaffin ɓeraye kafin hutu, kuma kowa ya san tana jin haushi don an mayar da sunanta ƙarshe a takardar binciken. Ɓerayen kuwa dukiyar kamfanin da ke ɗaukar nauyin aikin ce. In na tabbatar, gobe za a kore ta daga karatu a miƙa ta ga 'yan sanda.

Na tambaye shi, tunda ɓerayen sun mutu, ai aikin ya rushe ke nan? Ya ce a'a, da sauƙi, masu duba za su iya feɗe gawar su ga babu ƙari, kuma maganin bai lalata komai a cikinsu ba. Na ce to ashe mutuwar ba ta yi wa kowa ɓarna ba sai yarinyar. Bai ji daɗin maganar ba, ni ma ba don ya ji daɗi na faɗa ba.

* * *

A kan benci a baranda na sami ɗalibar, an karɓe mata makulli an hana ta leƙa ko gawar. Siririya ce, ga fushi a fuska har ya hana hawaye fita. Uwar Ɓeraye suke ce mata a wurin, da tsokana aka fara, ta karɓe sunan ta riƙe.

Ba ta roƙe ni ba, kuma hakan ya burge ni. Ta ce haushin suna gaskiya ne, ta ji, ta kuma faɗa a gaban kowa. Amma ita ta raini ɓerayen nan tun suna jajaye, 'yan uwa ne ciki ɗaya, tare suka tashi a keji ɗaya, har ta san wanda yake kwana a saman wane. Ta ce tsofaffin da aka sa ta kashe ma ba ta kashe ba, zuciyarta ce ta ƙi, ta bar su a kan cewa sai an dawo hutu. Na ce ai an ce kejinansu babu kowa. Ta ce to ba ita ta kwashe su ba.

Na tambaye ta ko tsofaffin ma keji ɗaya suke. Ta dube ni kamar na ce a haɗa kura da akuya. Ta ce ina, manyan maza ne daga gida daban-daban, kowa da kejinsa. Namijin ɓera in ya girma bai san baƙo ba, ka haɗa su kafin ka juya sun fara yagar juna.

Har na miƙe sai ta riƙo hannun rigata.

"Anti, ɓerayen gwajin ba su da lafiya fa. Kwanan nan gashinsu ya tashi, sun daina cin abinci, kunnensu ya yi rawaya. Na faɗa a taro, gaban Farfesa da Dokta, malamina. Aka ce mini ban iya kallon ɓera ba."

Na ce ta zauna a nan kada ta je ko'ina, kada kuma ta sa hannu a kowace takarda, ko wa ya kawo mata.

* * *

Baba mai keji shi ne ya fara ganin gawar. Dattijo ne mai faɗa, da shi da Uwar Ɓeraye ba sa ga maciji, don kullum tana cewa bai wanke kwalaben ruwa da kyau ba. Mai gadi ya riga ya raɗa mini cewa ya ga Baba ya fita da ƙaton buhu ta ƙofar baya kafin hutu. Na ce a raina, to ga mutumina. Har wani daɗi na ji, irin na mai bin sawu in ƙasa ta yi laushi.

Daɗin bai yi nisa ba. Da na matsa masa, Baba ya yi ta kame-kame, sannan ya kai ni bayan ginin ya nuna mini wata 'yar gona da ya yi a ɓoye, tumatur da alayyafo sun yi kore shar. Garin katakon da ake shimfiɗa wa ɓerayen da ba a yi wa allurar komai ba, maimakon ya ƙone shi kamar yadda doka ta ce, sai ya riƙa yin taki da shi. Na zazzage buhun da ƙafata, babu komai sai kashin ɓera da garin katako. Ya roƙe ni kada in faɗa. Na ce tumatur ba shi ya kawo ni ba.

Na tambaye shi ko ya duba gawar da kyau. Ya ce shi katin da ke jikin keji ya gani da alamar tawada a wutsiyoyi, ya ɗora hannu a ka ya fita da gudu. Ya ƙara da cewa yarinyar nan baki ne da ita kamar reza, amma in don kisa ne, ko kyankyaso sai ta kira shi ya taka mata. Maƙiyinta ne ya faɗi wannan, don haka na riƙe shi da kyau.

* * *

Dokta shi ya haɗa jel ɗin, kuma shi ne mai kula da karatun yarinyar. Ɗakinsa cike da kwalabe da injuna masu ƙara a hankali, ga firiza biyu a jikin bango. Mutum ne mai ladabi, idonsa ya faɗa kamar wanda ya daɗe bai yi barci ba. Ya ce shi bai yarda ta yi da gangan ba, kuskure ne, kuma zai roƙi Farfesa a bar ta da kora kawai ban da 'yan sanda. Na ce kai, wannan alheri ya yi yawa.

Na ce ya nuna mini jel ɗin, don ni gani ya kori ji. Nan take fuskarsa ta sake. Ya ciro 'yar kwalba daga cikin ƙanƙara, ruwa ne tsararo. Ya ɗiga mini a tafin hannu ya ce in dunƙule in jira. Muka yi ta hira, ya ba ni labarin shekarun da ya ƙarar kafin ya sami haɗin da ya dace, har na fara gajiya da tsayuwa. Da na buɗe hannu, ruwan ya zama ɗan dunƙule mai danƙo. Ya ce ɗumin jiki ne ke daskarar da shi, kuma in ya daskare ya daskare ke nan. Na ce to in tun farko jikin ba shi da ɗumi fa? Ya yi dariya ya ce ai sai ya zauna ruwa ya bi ƙarƙashin fata ya watse, shi ya sa sai mai rai.

Na tambaye shi ko yana shiga ɗakin ɓeraye. Ya ce ba sosai ba, shi mutumin kwalba ne, ɓera sai yarinyar. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya nemi gafara ya fita baranda. Na ji yana ce wa wata mace ta daure ta sha ko cokali biyu ne, yana nan tafe da wuri.

* * *

Na sa Baba ya buɗe mini firjin da aka ajiye gawar. Na sa safar hannu, na jera su a kan faranti a ƙarƙashin fitila. Farfesa ya aiko a gaya mini ba a yarda in yanka ko ɗaya ba. Na ce a gaya masa ni ba mahauciya ba ce.

Ubana yakan ce ba a duba dabba ta inda gashinta ya kwanta. Na riƙa shafa su daga wutsiya zuwa kai, gashin yana tashi. A bayan kowanne na ji ɗan dunƙulen nan a ƙarƙashin fata, daidai inda ya kamata, aikin gwani. Kunnuwansu jajaye tas, babu rawaya, jikinsu a murje. Sai a gindin wutsiyar na farko na ga ɗan jini ya bushe, huda biyu ƙanana kusa da juna. Na ɗauki na biyu, haka. Wani har a mara, wani an tsinke masa gefen kunne, kuma ko ɗaya bai fara warkewa ba.

Na tsaya na dube su, raina ya ɓaci ƙwarai. Ba mutuwar ɓera ce ta ɓata mini rai ba, na ga shanu garke guda a kwance. Abin da ya ƙona ni shi ne wanda ya yi wannan ya zauna ya yi shi a natse, da hannu mai kyau, ya kuma san kan wa abin zai faɗa.

* * *

Na ce a tara mini su a ɗakin taro, har da yarinyar. Farfesa ya ce babu buƙatar ta shigo. Na ce in ba ta shigo ba ni ma na kama hanyar gida, gobe ya yi wa masu duba bayanin dalilin da mai bincikensa ta tafi ba ta rubuta komai ba. Aka shigo da ita.

Na ajiye farantin a tsakiyar tebur, na ce wa Uwar Ɓeraye ta duba. Ba ta ko taɓa ba. Kallo ɗaya ta yi, ta ce waɗannan ba nata ba ne, tsofaffin nan ne, ga ma mai guntuwar wutsiya da ya taɓa cizonta. Farfesa ya ce dole ta faɗi haka. Na ce gaskiyarsa, shi ya sa ba maganarta zan kawo ba, maganar ɓerayen zan kawo.

Na ta da gashin na nuna musu cizon ɗaya bayan ɗaya. Na ce 'yan uwan da suka tashi tare ba sa yi wa juna haka. Waɗannan baƙin juna ne, an zuba su a keji ɗaya da ransu, an bar su har suka yi faɗa. Yarinyar ba za ta haɗa su ba, Baba ma ba zai haɗa ba, ko a mafarki. Wanda ya haɗa su bai san halin ɓera ba.

Na ce amma abin tambaya shi ne, me ya sa ya jira? In gawa kawai yake so a musanya, sai ya kashe su ɗaya-ɗaya, ya shafa tawada a wutsiya, ya jera a keji, babu cizo babu sawu. Sai dai ya san masu duba za su laluba su nemi jel a ƙarƙashin fata, ya kuma san in ya yi allurar a jikin gawa ba zai daskare ba. Dole ya yi musu da rai, ya tsaya jiki ya ɗumama shi. Wannan jiran ne ya ba su damar cizon juna.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma Dokta ya jimre, ya zuba wa tebur ido kawai. Farfesa ya ce wannan duk zato ne, in gaskiya ne ina ɓerayen ainihi? Na ce na tambayi Baba, ba a kunna tanderun ƙona shara ba tun kafin hutu. Kuma ni a ɗan zaman da na yi da su na lura masu bincike ba su iya zubar da abu ba, ko ruwan wanke kwalba sai sun liƙa masa takarda sun adana. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan jel ɗin nan ba zai jefar da ɓerayen ba tare da ya san abin da ya same su ba.

"Dokta, ni zan buɗe firizar ko kai?"

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce firiza ta biyu, aljihun ƙasa, a bayan kwalayen. Ya ce ya feɗe ɗaya, hantar ta lalace. Jel ɗin yana riƙe maganin da kyau da farko, daga baya sai ya sake shi gaba ɗaya. Ya ce abu ne da zai iya gyarawa, ya ma san inda matsalar take, amma in masu duba suka ga hantar za su mayar da aikin baya da shekaru.

Farfesa ya buga tebur ya ce shekaru ai ba mutuwa ba ce.

"A gidana mutuwa ce, ranka ya daɗe. Matata ce ta farko a cikin waɗanda za a gwada wa. Likitoci sun ce ba abin da ya rage musu."

Wallahi na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Amma tausayin bai hana ni ganin yarinyar da ke tsaye a gefena ba, wadda ya shirya a kai ta caji ofis gobe. Na ce masa ya so matarsa, ba wanda ya hana, amma da 'yar wani ya biya.

* * *

Farfesa ya sallami Baba, ya rufe ƙofa, muryarsa ta yi laushi. Tabarmar kunya ai da hauka ake naɗe ta, shi da lallashi ya so ya naɗe tasa. Ya ce a duba lamarin da hankali. In rubuta cewa famfon gas ne ya lalace, ba laifin kowa. Yarinyar ta koma karatunta yau-yau, a mayar da sunanta na biyu a takardar. Masu duba su feɗe na kan faranti, Dokta kuma ya gyara jel ɗin a hankali kafin a kai ga mutane. Kowa ya tsira. Ya ce in kuwa aka fasa ƙwai, kamfani zai janye, aikin zai tsaya, digirin da take wa wahala ba ta ganinsa nan kusa.

Na ce ni famfo ban ga ya lalace ba, kuma ban iya rubuta abin da ban gani ba, na tsufa da koyon sabon aiki. Amma na san takardata ita kaɗai ana iya jefa ta a aljihun tebur a manta. Maganar tana hannun yarinyar, shi ma ya sani, shi ya sa ya juya gare ta yana kiranta 'yata, sunan da bai tuna da shi ba da safe.

Ta tambaye shi, in ta yarda, wa zai gaya wa mai gadi da mai shara cewa ba ita ba ce? Ya ce ai magana takan mutu da kanta. Ta ce ita tata ba ta mutuwa. Sannan ta juya ga Dokta, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Malam, na gaya maka ba su da lafiya, ka ce ban iya kallo ba, alhali ka san na iya. Da an bi taka, abin da ya ci hantarsu shi za a sa wa matarka a jiki. Ni ba zan sa hannu a wannan ba, ko da digiri goma ne."

Dokta ya rufe fuska da hannu biyu. Ita kuwa ta wuce ɗakinsa, ni ina biye da ita da gwiwata mai ciwo, ta durƙusa ta jawo aljihun ƙasa. Ta ciro ledar, ta share ƙanƙarar da ke kai da babban yatsa tana duba su ɗaya-ɗaya. A nan ne ta yi kukan da ta riƙe tun safe, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa don kada kowa ya shigo ya gani.

Washegari na zo da wuri da takardata a jaka. Na tarar da ita a bakin ƙofar cibiyar cikin farar rigar aiki, akwatin ƙanƙara a rungume a ƙirji. Farfesa ya fito tarbar baƙi, ya ce mata ta koma ciki, za a kira ta in an buƙace ta. Ko kallonsa ba ta yi ba. Motar masu duba na tsayawa ta riga shi isa, ta gaishe da babbarsu, ta ɗaga murfin akwatin.

"Ni ce aka ce na kashe ɓerayen. Ga su nan, ranki ya daɗe. Ku fara da hantar."